Yadda Ake Zaɓen Wurin Shuka Dogon Furen Rana a Tsakar Gida a Zinder

Furen rana irin dogon nan, wanda ke zarce katanga kansa ya kai faɗin faifai, ba ya son dashe. Babbar saiwa guda gare shi, tun yana ganye biyu take miƙewa ƙasa, kuma in ƙasar ta ba ta hanya tana iya nutsawa fiye da mita ɗaya da rabi. In ka tumɓuke shi ka sauya masa wuri, saiwar ta karye ko ta naɗe, zai rayu, zai ma yi fure, amma tsawon da ka sayi irin dominsa ba za ka gan shi ba. Inda ka binne ƙwayar, nan zai zauna wata uku zuwa huɗu. Saboda haka zaɓen wuri ya riga shuka, kuma ya fi ta neman natsuwa.

Asalin shukar daga Arewacin Amurka take. Dogayen nau'o'inta da aka fi sani su ne Mammoth da Titan, in kuma da Faransanci aka rubuta fakitin za ka ga an sa tournesol géant. Masu sayar da irin sukan ce yana kai mita 3 zuwa 4. A 2014 an auna wani a Jamus da ya kai mita 9.17, sai dai can a watan Yuni rana takan yi sama da awa 16 ba ta faɗi ba, mu kuwa a Zinder yininmu mafi tsawo bai cika awa 13 ba. Kada ka sa wancan a rai. Wanda ya haura katangar gidanka ya leƙa waje ya yi abin da ake so.

Galibin shawarar da ke yawo a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta wa junansu, su kuwa rana suke nema ido rufe. A Damagaram rana ba ta taɓa yi wa kowa kaɗan ba. Abin da ke karya furen rana a gidajenmu shi ne dutsen da ke kwance ƙarƙashin ƙasa, da iskar hadari daga gabas, da ƙarancin ruwa, sai bakin akuya. Da waɗannan za ka auna kowane lungu na gidanka.

Da farko, tsai da lokacin shuka

Wurin da ya yi kyau da damina ba lallai ya yi kyau da sanyi ba, don inuwa tana sauya gefe. Lokaci biyu ne ke karɓar shukar nan a wajenmu. Na farko damina: ka shuka in ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, ya yi girmansa da ruwan Agusta, ya buɗe fure a Satumba, kansa ya bushe da kaka. Na biyu shukar rani, ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, ban ruwa duk a wuyanka, ya yi fure kafin zafi ya shigo. In tsawo kake nema damina ta fi, domin gajeren yinin sanyi yakan sa shi fure da wuri tun bai gama miƙewa ba. Wadda ba zan ba kowa shawararta ba ita ce shukar da furenta zai faɗo tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ko shukar ta jure, ƴaƴa da yawa holoko suke fitowa.

Sannan ka bi inuwa yini guda

Furen rana yana son rana ta dake shi kai tsaye awa shida zuwa takwas. Ido ba ya auna wannan daidai, don kowa ya san tsakar gidansa ne a lokutan da ya saba zama cikinta. Ka ware ranar da ba ka fita, ka ɗebi toka a gwangwani. Da hantsi wajen ƙarfe 8 ka zuba toka a bakin inuwar kowace katanga da kowace bishiya. Ka sake da ƙarfe 10, ka sake bayan azahar, ka sake da la'asar. Kafin magariba taswirar gidanka na kwance a ƙasa, kana ganin inda rana ke daɗewa da inda take leƙowa kawai ta wuce. Ka yi wannan cikin makonni kaɗan kafin shuka. Inuwar da ka auna a Disamba ba za ta gaya maka komai game da Yuli ba.

Dalilin haka yana da amfani a san shi. Zinder tana wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai bisa kanmu da tsakar rana: ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokutan ma ɗan karkata take yi arewa, inuwa ta faɗi kudu, gajeriya. Ke nan da damina katangar kudu da ta arewa ba su da wata inuwar a-zo-a-gani. Katangar gabas da ta yamma su ne masu magana. Ga ma'auni mai sauƙi: wajen ƙarfe 9 da rabi na safe inuwar katangar gabas takan yi daidai da tsayinta, wajen ƙarfe 3 da rabi na yamma kuma ta yamma ta yi haka. Katanga mai mita biyu, inuwa mita biyu.

Da sanyi labari ya juya. A Disamba rana na kwantawa kudu sosai, katangar kudu mai mita biyu tana jefa inuwar kusan mita ɗaya da rabi zuwa arewa ko da tsakar rana, da safe da yamma kuwa ta fi haka. Gindin katangar kudu a wannan lokacin inuwa ce yini sur. Mai shukar rani ya matsa ɓangaren arewa na tsakar gida, balle ga hazon hunturu yana rage ƙarfin hasken.

Abu ɗaya da ake mantawa: awa shidan nan don ɗan tsiro ake neman su, lokacin da yake ƙasa-ƙasa. In ya yi wata ɗaya da rabi ya fara kamo tsayin katanga, da kansa zai samo sauran. Amma in makonninsa na farko a inuwa ya yi su, karansa siriri zai tashi, dogo marar ƙwari, ya karkata yana bin haske. Irin wannan ne iska ke fara kwantarwa.

Ka tsaya ka dubi gabas

Nan ne zuciyar maganar, don abubuwa biyu ke zuwa daga gabas kuma suna jan ka gefe daban-daban.

Na ɗaya fuskar furen. Yana ƙarami kansa na bin rana daga gabas zuwa yamma, da dare ya komo. Da ya buɗe fure sai ya daina juyi, ya tsaya yana kallon gabas har ya bushe. Wanda ya shuka shi a gindin katangar gabas ya yi wa maƙwabcinsa ado: furen zai haura katanga ya fuskanci gidan wani ko titi, ya bar wa mai ban ruwa ƙeya.

Na biyu iska. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, jar ƙura a gaba, iska ta riga ruwa isowa. Ta farkon damina ba za ta sami abin kayarwa ba, don shukar na ƙarama. Ta ƙarshen damina ita ce abin tsoro: a Satumba karan ya kai iyakar tsawonsa, ganyensa faffaɗa, kansa ya yi nauyi, ƙasa kuma ta jiƙe ta yi laushi. Hankali zai ce ka ɓoye shi a bayan katangar gabas. To amma can ya rasa ranar safe, ga kuma maganar fuska.

Abin da nake ganin ya fi a yawancin gidajenmu shi ne ɓangaren yamma na tsakar gida. Can rana ke samunsa tun hantsi har bayan azahar, katangar yamma ta kare gindinsa daga zafin la'asar, wanda dama shi ne mai busar da ƙasa. Furen zai buɗe yana kallon cikin gida, mai zaune a tabarma ya gan shi ido da ido. Ɗakuna da katangar gabas sun riga sun rage wa iska ƙarfi kafin ta ƙetaro, in ma ta tura shi, wajen katanga za ta tura shi, ba fili ba. Ka guji saitin ƙofar zaure da lungun da ke tsakanin ɗaki biyu, nan iska ke matsewa ta fito da ƙarfi. In ba ka san inda take bi a gidanka ba, ka duba inda ganye da leda ke taruwa bayan an yi iska, da inda shanya ke yawan faɗuwa.

Duk inda ka zaɓa, ka ga akwai wurin kafa sanda mai ƙwari tun ranar shuka. Kafa ta daga baya huda saiwa ne.

Tazara da katanga

Kada ka manna shi da bango. Katangar siminti tana shan zafi da rana ta amayar da shi da dare, ƙasar gindinta kuma galibi cike take da ɓaraguzan gini. Ka ba ta mita ɗaya. Katangar ƙasa kuwa ka ba ta mita ɗaya da rabi ko fiye, ba don furen ba, don katangar. Shuka mai son ban ruwa mai zurfi tana barin danshi a gindin gini wata da watanni, ginin ƙasa kuma ta gindi yake mutuwa. Duk wanda ya ga yadda ruwan 2024 ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan ruwa da ginin ƙasa. Haka kuma ka nisanci ramin masai da bakin rijiya.

Yanzu sai haƙa

Zinder bisa dutse take zaune. Manyan duwatsun da ake gani a Birni ba su ƙare a inda ido ya tsaya ba, sun shimfiɗa ƙarƙashin gari, wani wurin da zurfi, wani wurin taƙi ɗaya kawai ƙasa ta rufe su. A gida ɗaya ma kusurwa da kusurwa sukan bambanta. Shuka mai gajeriyar saiwa irin alayyahu ba ruwanta da wannan. Dogon furen rana kuwa zurfin ƙasa shi ne tsawonsa, shi ne kuma turkensa ranar iska.

Kafin ka ɗauki diga, ka tambayi wanda ya riga ka zama a gidan. Ka ce, "Inna, nan gefen da can mene ne a wurin? Ruwa na kwanciya in marka ta yi?" Tsofaffin gida sun san inda aka cike tsohon rami, inda aka taɓa zuba toka da shara, inda aka yi turken dabbobi shekara da shekaru. Tsohon turke wuri ne mai albarka, taki ya riga ya ratsa shi. Tsohon masai da aka cike kuwa a bar shi, yana iya zaftarewa.

Daga nan ka sami dagi ko guntun rodi, ka jiƙa wurin, ka buga. In ya shige santimita 60 bai ci karo da komai ba, wurin ya yi. In ya tsaya a 30 ko 40, ka matsa taki biyu ka sake gwadawa, don wani lokaci guntun dutse ne ko tsohon bulo. In ko'ina haka yake, zaɓi biyu gare ka: ka jera bulo ka tada fangali mai tsayin santimita 40 ka cika da ƙasa mai kyau, ko ka haƙura da dogon iri ka shuka gajere. Rabin duro ma yana ɗaukar guda ɗaya, amma gaskiya ba zai yi tsawon na ƙasa ba, kuma ƙarfe na ɗaukar zafi ya dafa saiwa, sai an naɗe shi da buhu ko zana.

Inda dagi ya shige, ka haƙa rami mai zurfin santimita 50 zuwa 60, faɗinsa ma haka, ka dubi abin da ke fitowa. Rairayi ne zalla, ko laka mai danƙo, ko tsakuwa? Ka cika ramin da ruwa da yamma. In kafin ka juya ya tsotse, jigawa ce, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe abinci, sai ka haɗa ta da ruɓaɓɓen taki mai yawa. Wannan gyara ne mai sauƙi, kuma furen rana na son ƙasa mai sakin jiki. In kuwa gari ya waye ruwan na nan kwance, ka bar wurin. A Agusta saiwa za ta ruɓe, ko ƙasar ta yi laushi har karan ya kife da kansa. Tsakanin ƙasa mai saurin tsotsewa da mai riƙe ruwa, ta farko nake ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Ruwa daga ina, kuma ina yake bi

Ruwan saman Zinder bai wuce wajen milimita 400 a shekara ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma ko a tsakiyar damina akan yi fari na kwanaki. Ruwan famfo kuwa kowa ya san halinsa a garin nan, musamman da bazara. Saboda haka wurin da ke nesa da randa da famfo, wanda sai an yi ɗawainiya da bido kafin a kai masa, wuri ne da za a yi ta mantawa da shi. Ka zaɓi inda ruwan da aka riga aka yi amfani da shi zai iya isa: ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na ganye. Inda ake alwala kullum in ya dace da ɓangaren yamma, ka sami wuri ka gama. Ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri kada su bi ta gindinsa, suna ɓata ƙasa a hankali.

Ka ɗaga kai ka dubi indararo da bakin kwano. Ruwan da ke zubowa daga rufi yana tone ɗan tsiro dare ɗaya. Kada ramin ya kasance a saitinsa, amma in yana taki uku ko huɗu daga nan, ka ja ƴar hanya ruwan ya gangaro a hankali ya shiga kwarin da ka kewaye gindin da shi. Kada kuma ka tare hanyar rariya.

Ga mai shukar rani, ka bar fili tsakanin ramuka biyu da za ka binne tulun ƙasa har wuya, irin wanda ba a shafe shi da komai ba, ka riƙa cika shi ka rufe bakinsa. Ruwan na tsattsafowa kai tsaye wajen saiwa, rana ba ta shan rabonta. Tukwanen Miriya sun dace da wannan aikin, kuma ba sai sabo ba.

Maƙwabtansa a ƙasa da a sama

Dogon yaro shi ne bishiyar da ta fi yawa a gidajenmu, kuma shi ne babban kishiya. Inuwarsa ba ta yankewa, saiwoyinsa na bazuwa nesa da inda rassansa suka tsaya, duk inda ka zuba ruwa za su iso. Ka fita daga ƙarƙashin rassan ka ƙara taki uku. Haka mangwaro da turare. Zogale ba shi da wannan matsalar sosai, inuwarsa shara-shara ce. Wanda ke da garka a bayan gari mai gawo a ciki ya yi sa'a da damina, don gawo a lokacin yake zubar da ganye, ƙasar gindinsa kuma ta fi ta kewaye ƙarfi.

Shi kansa furen rana ba maƙwabcin kirki ba ne ga kowa. Yana da ci, yana da sha, kuma saiwarsa da ɓawon ƴaƴansa na sakin wani abu da ke danne tsiron wasu shuke-shuke, wake da dankalin turawa na cikin masu jin jiki. Ka raba shi da fangalin uwargida na yakuwa da tumatir da aƙalla mita ɗaya. Da sanyi ya kasance arewa da fangalin, inuwarsa ta faɗi baya. Ramin da ya zauna bana kuma a hutar da shi baɗi.

A sama, ka duba wayar lantarki da ta shigo gidan da igiyar shanya. Mita uku ba wasa ba ne. Zuma za ta zo, kuma ana son ta zo, ita ke sa ƴaƴa su cika. Ba ta damu da mutane ba in tana kan fure, duk da haka kada ka sa shi a bakin ƙofar ɗaki ko inda yara ke zaman cin abinci.

Akuya da kaji

Wurin da ba za ka iya killacewa ba, ba wuri ba ne. Kaza na tone ƙwayar ranar da aka shuka ta, akuya kuma in ta cinye kan tsiron sau ɗaya, dogon kara guda ya ƙare, sai ƴan rassa in an yi sa'a. Ka auna igiyar turke, ka ƙara tsawon wuyan akuya da miƙewarta a kan ƙafa biyu. Kusurwa ta fi sauƙin killacewa, don katanga ta tare maka gefe biyu, darni ko tsohuwar ragar waya ta tare sauran. Darnin kada ya yi duhun da zai hana ɗan tsiro ranar safe. Ka kuma duba bango ko akwai hanyar gara, in akwai kada ka zuba ɗanyen taki ko karan da bai ruɓe ba a wurin.

Sa alama, ka shirya ramuka

In wuri ya tsallake duk waɗannan, ka ƙirga nawa zai ɗauka da gaskiya. Tsakanin rami da rami santimita 60 ne mafi ƙaranci, in babban kai kake so ka kai 90. Guda uku masu walwala sun fi goma masu cunkoso, kuma ruwan guda uku kowane gida zai iya. In layi za ka yi a gefen yamma, ka ja shi daga kudu zuwa arewa, kowanne ya sami ranar safe ba wanda ya tare wani.

Ka mai da ƙasar kowane rami haɗe da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu, kashi ɗaya taki, kashi biyu ƙasa. Kashin kaji na da zafi, sai wanda ya daɗe ya huce. Ka bar saman ramin ya ɗan yi kwari don ya tare ruwa, ka kafa sandarka ta ɓangaren gabas, taki ɗaya daga inda ƙwayar za ta zauna, yadda in iska ta tura karan yamma ɗaurin zai riƙe shi. Ka jiƙa ramukan ka bar su mako ɗaya ko biyu ƙasa ta zauna. Ranar shuka ka sa ƙwaya biyu ko uku a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa, santimita 2 zuwa 3. Cikin mako guda zuwa kwana goma za su fito. In sun yi ganye huɗu ka zaɓi mai kaurin kara ka bar shi, sauran ka datse su da almakashi daga gindi, kada ka fizge su ka girgiza saiwar wanda ya rage.